Yadda Za a Zaɓi Kwamfuta Mai Sauƙin Kuɗi Domin Ofishin Hakimi

Tun daga 1991, da aka kafa Jihar Jigawa aka mai da Dutse babban birninta, aikin takarda sai ƙaruwa yake yi a ofisoshin hakimai. Malamin hakimi a Kiyawa ko Jahun ko Birnin Kudu shi ne mai rubuta wasiƙa zuwa Majalisar Sarki, shi ne mai riƙe sunayen dagatai da masu unguwanni, shi ne kuma mai adana bayanin sulhun da aka yi tsakanin manoma da makiyaya. Tafireta ta yi zamaninta. To, amma kuɗin ofis kaɗan ne, don haka lalle ne a san inda ya kamata a zuba su.

Sassa uku ne ke riƙe da aikin kwamfuta. Na farko furosesa, watau ƙwaƙwalwarta, wadda take kamar malamin da ke aikin. Na biyu RAM, shi kuwa kamar teburin malamin yake. Na uku ma'ajiya, watau kabad inda ake jera fayiloli. Malami kome ƙwazonsa, in teburinsa bai ɗauki fiye da takarda biyu ba, sai ya yini yana tashi yana zama tsakanin tebur da kabad. Haka kwamfuta take yi in an buɗe wasiƙa da jadawalin lissafi da intanet gaba ɗaya, alhali RAM ɗinta gigabait 4 ne. Kada a sayi abin da ya gaza gigabait 8, in da hali 16. A ƙarshen 2025 farashin RAM ya hau ƙwarai a duniya; saboda haka wanda kuɗinsa bai kai ba ya sayi mai 8, amma ya tabbata akwai gurbin ƙari a cikinta. Sa'an nan ya lura da irinsa, gama DDR3 ba ya shiga gurbin DDR4.

A wajen furosesa ne aka fi ruɗin mai saye. Yawancin kwamfutocin da ake samu da araha, ko a Dutse ko a titin Beirut a Kano, waɗanda aka yi aiki da su ne a Turai ko Amurka. Mai kanti yakan nuna tambarin i7, ya ce ta fi i5. Ba kullum ba ne. Abin dubawa shi ne lambar da ke biye da sunan. Ga misali, i7-3770 ta fito ne a 2012, lambar 3 da ke farko tana nuna zubi na uku. Ita kuwa i5-8500 zubi na takwas ce, ta fi waccan ƙarfi ko da yake sunanta ya fi ƙanƙanta. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 kamar yadda ya saba, Windows 11 kuwa ba a yi ta domin furosesar Intel da ta gaza zubi na takwas ba, in ban da 'yan kaɗan. Ofishin da ya sayi tsohuwa ya sayi abin da ba a ƙara toshe masa kafar ɓarayin intanet.

Ma'ajiya iri biyu ce. Tsohuwar tana da faifai mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, tana da nawa, kuma girgizar hanya ko ɗaukewar wuta farat ɗaya na iya lalata ta. Sabuwar, wadda ake kira SSD, ba abin da ke motsi a cikinta. Mai gigabait 256 ta ishi wasiƙu da rajistar gunduma na shekaru masu yawa. Katin hoto na musamman kuwa, wanda samari ke nema domin wasanni, ba shi da wani amfani ga malamin hakimi. Kuɗinsa asara ne.

Saura maganar wuta, wadda ta fi dukan sauran nauyi a ƙasar Dutse. Wutar KEDCO tana zuwa tana tafiya, wani lokaci da ƙarfin da ya wuce kima, wasu gundumomi kuwa da sola ko janareta suka dogara. Tilas ne tun farko a ware kuɗin UPS, watau akwatin batir mai riƙe kwamfuta na 'yan mintoci har malami ya adana abin da ya rubuta. Inda sola ce, ƙananan akwatunan ofis irin su Dell OptiPlex ko Lenovo ThinkCentre ƙarami sun fi dacewa, gama da yawansu ba sa jan fiye da wat 65. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana da batirinta, amma in ta hannu ce sai a gwada batirin a kanti, a cire ta daga wuta a ga tsawon lokacin da za ta yi.

Zafin bazara a Jigawa yakan haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe fankar da ke sanyaya furosesa. A ɗora akwatin a kan tebur, ba a ƙasa ba, a rufe shi da ƙyalle bayan an kashe, a kuma kai shi a hure ƙurar in hunturu ya wuce.

Kafin a biya, malami ya sa mai kanti ya kunna ta, ya buɗe shafin da ke nuna lambar furosesa da yawan RAM, ya rubuta su a rasit tare da kwanakin da aka yarda a mayar in ta ba da matsala. Ya kuma roƙa a sa masa madannan Hausa da ke cikin Windows, domin ƙ da ɗ da ɓ su fito daidai a wasiƙar da za ta je gaban Sarki.