Masu walda, a duba sharbon kafin a jefar da fedal

Masu walda da ke haɗa alminiyom da injin TIG mai iskar argon sun san fedal ɗin nan da ake takawa da ƙafa. Shi ke ƙara wuta ko rage ta, tunda hannu biyu suna kan aiki. A cikin tsofaffin fedal akwai ɗan burushi, wanda muke kira sharbon, yana gogar wata nannaɗaɗɗiyar waya. Duk takawa sai ya ɗan ci, ƙurar hunturu da garin ƙarfe kuma suna ƙara masa saurin cinyewa.

Ta yaya za mu gane ya ƙare? Sai wuta ta riƙa yankewa, ko ta tashi farat ɗaya. Alminiyom kuwa tun a digiri 660 yake narkewa, nan take sai ka huda kayan mutane, biya ya hau kanka.

Gyaran ba shi da wuya. Da farko a kashe injin, a zare shi daga kuran. A buɗe fedal, a hure ƙura, a goge hanyar da burushin ke bi da busasshen tsumma, ban da mai. A sa sabo daidai girman tsohon, a tabbata sifirin yana danna shi sosai. Kada a cusa guntun waya a madadinsa, zai kankare hanyar, fedal ɗin duka ya lalace.

Kafin a koma kan aikin mai kaya, mu gwada a kan guntun ƙarfe tukuna.