Ɗalibin da ya gano ɓaraka a cikin Linux

Ku kwatanta ɗalibai sun yi da'ira riƙe da hannun juna, malaminsu na cikin layin. Haka Linux, tushen wayoyin Android, ke jera wasu bayanai: kowanne na nuna na kusa da shi.

A 2022, Jakob Koschel, ɗalibin jami'a a ƙasar Holan, ya lura cewa wasu manhajojin sarrafa na'urorin USB, idan suka zagaye da'irar ba su sami wanda suke nema ba, sai su cafke malamin a matsayin ɗalibi. Daga nan kwamfuta kan rikice, ko masu kutse su sami ƙofa.

Domin toshe ɓarakar daga tushe, Linus Torvalds ya amince a sauya ƙa'idar rubuta Linux daga C89 zuwa C11.