Ƙwayar ƙiba da ma'aunin ruwan jiki: hattara, ƴan Arewa

A watannin Afirilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40 daga Dogon Dutsi har Tibiri, wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke saki, mai suna vazopresin, shi ke tsare ruwan jikin ɗan Adam. Yakan bi jini zuwa ƙoda, ya sauka a kan wasu makarɓai da ke bangon ƙwayoyinta. Su kuma sai su aika saƙo ciki, a buɗe ƙofofin da ke mayar da ruwa cikin jini. Ba'amurke Peter Agre ne ya gano irin waɗannan ƙofofi, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2003.

Amma vazopresin yana da linzami: kortizol, wanda jiki ke haɗawa a bisa ƙoda, shi ke hana shi yin yawa. Ƙwayar deksametazon, wadda wasu ke saye a tire don neman ƙiba, tana kwaikwayon kortizol. Bincike ya nuna tana ƙara yawan makarɓan vazopresin a jijiyoyin jini. In an daɗe ana shan ta, jiki kan daina haɗa nasa kortizol. Ranar da aka bar ta farat ɗaya, linzami ya tsinke: vazopresin ya hauhawa, ruwa ya taru, gishirin jini ya ragu, mutum ya galabaita, wani ma ya suma.

Saboda haka, ɗan kasuwa ya daina sayar da ita barkatai. Wanda kuwa ya saba da ita, kada ya bari kwatsam. Ya je likita a rage masa sannu a hankali.