Kwarjini da Sabo: Nazari a Kan Farin Jinin Finafinan DC da na Marvel

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama cikin samari masu sha'awar silima ya san gardamar nan da ba ta ƙarewa, watau wane ne gaba tsakanin DC da Marvel. Waɗannan kamfanoni biyu ne na ƙasar Amurka da suka shahara wajen ƙaga labaran sadaukai masu baiwar da ta wuce ta ɗan Adam, kamar tashi sama ba fiffike, ko ɗaga mota da hannu guda. Da fari a cikin mujallu masu zane labaran suke fitowa, daga bisani aka mai da su finafinai. Galibi gardamar takan tsaya ne a kan wane sadauki zai ka da wane, ko wane fim ya fi tara kuɗi. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a ɗan matsa gaba da nan, a dubi finafinan da idon manazarcin adabi, a binciko abin da kowane ɓangare yake amfani da shi wajen kama zuciyar mai kallo. Abin da nake so in nuna shi ne, DC da kwarjini take jan mutane, Marvel kuwa da sabo, kuma wannan bambanci ya samo tushe ne daga irin taurarin da kowace ta haifa tun kafin a kai ga silima.

Asalin Taurarin

Superman shi ne ɗan farin DC. Ya bayyana a 1938, lokacin da Amurka ba ta gama farfaɗowa daga karayar arzikin da ta auka mata a 1929 ba. Waɗansu samari biyu na birnin Cleveland, Jerry Siegel da Joe Shuster, su suka ƙaga shi, suka kuma sayar da haƙƙinsa a kan dala 130 kacal. Bisa ga labarin, daga wata duniya mai suna Krypton aka aiko shi yana jariri, waɗansu manoma suka tsince shi suka rene shi. Harsashi ba ya huda shi, wuta ba ta cinsa, ga shi kuma ba ya ƙarya. A 1939 Batman ya biyo baya, na Bob Kane da Bill Finger. Shi ba shi da wata baiwa ta jiki, sai dukiya da basira da baƙin cikin iyayensa da aka kashe a gaban idonsa, kuma da tsoro yake yaƙar miyagu. Ta ukunsu ita ce Wonder Woman ta 1941, 'yar sarauniyar wata al'umma ta mata zalla da aka aro daga almarar Girkawa. Dukkansu uku sai an ɗaga kai ake kallonsu. Hatta garuruwan da biyun farko suke zaune, Metropolis da Gotham, ƙagaggu ne, ba su cikin taswirar kowa.

Marvel kuwa, ko da yake tana da Captain America tun 1941, ba ta sami muryarta ta kanta ba sai daga 1961, sa'ad da Stan Lee da masu zane Jack Kirby da Steve Ditko suka shiga fito da wani irin sadauki dabam. Misali mafi kyau shi ne Spider-Man na 1962. Peter Parker maraya ne, ɗan makaranta, yana hannun baffansa a unguwar Queens ta birnin New York. Gizo-gizo ya cije shi ya sami ƙarfi, amma fa bai gaji wayon Gizon tatsuniya ba, domin abu na farko da ya yi da baiwar shi ne neman suna da kuɗi. Ɓarawo ya wuce ta gabansa ya ƙi tare shi, don a ganinsa ba ruwansa, ɓarawon nan kuwa shi ya kashe masa baffa. Daga nan kullum yana fama da kuɗin haya da rashin lafiyar matar baffansa, yana sayar da hotuna ga jaridar da editanta ba ya da aiki sai ɓata masa suna. Mai karatu ba ya buƙatar ɗaga kai kafin ya ga irin wannan tauraro. Maƙwabcinsa ne.

Shekarar 2008

A fagen silima DC ce ta riga. Fim ɗin Superman na 1978, wanda Christopher Reeve ya fito a cikinsa, da Batman na 1989 na Tim Burton, su suka tabbatar da cewa irin wannan labari yana iya cika gidan kallo. Ita Marvel a 1996 kariyar arziki ta yi, kuma haƙƙin yin fim da manyan taurarinta ya koma hannun waɗansu: X-Men a wurin Fox, Spider-Man a wurin Sony. Don haka da ta tashi yin finafinanta da kanta, sai ta tarar da waɗanda a lokacin ake ɗauka na sahu na biyu ne suka rage mata.

Wanda yake son ganin bambancin da muke magana a kai ƙarara, to, ya dubi finafinai biyu da suka fito a 2008, wata biyu tsakaninsu. A watan Mayu Marvel ta saki Iron Man. Tauraronsa Tony Stark attajiri ne mai ƙera makamai, mashayi, mai girman kai da baƙar magana. An kama shi a Afganistan, ya ga makaman kamfaninsa a hannun waɗanda suka kama shi, ga ɓarɓashin bam kusa da zuciyarsa. Sulken ƙarfen da ya ƙera, don ya kuɓuta ya ƙera shi. Ɗan wasan da aka ba wannan matsayi, Robert Downey Jr., shi kansa ya sha fama da ƙwaya har ya yi zaman kurkuku, saboda haka masu kallo suka ga kamar mutum ne yake ba da labarin tubansa. A ƙarshen fim ɗin an ba Stark takarda ya karanta wa 'yan jarida don ya ɓoye sirrinsa, sai ya ajiye ta ya ce shi ne mai sulken. Da wannan aka rushe tsohuwar al'adar sadauki mai ɓoye fuska.

A watan Yuli kuma The Dark Knight na Christopher Nolan ya fito. A nan ba a nemi mai kallo ya yi abota da kowa ba. Batman ba ya dariya, da ƙyar ma yake magana. Wanda ya mamaye fim ɗin shi ne mugun, watau Joker, mutumin da ba ya son kuɗi, har ya tara su tsibi ya cinna musu wuta. Burinsa ya nuna cewa kirkin mutane na fatar baki ne, in aka matsa su za su ci juna. Wurin da jigon ya fi fitowa shi ne inda ya ɗana bam a jiragen ruwa biyu, ɗaya cike da fursunoni, ɗaya cike da mutanen gari, ya ba kowane jirgi abin tayar da bam ɗin ɗayan, ya ce wanda ya riga shi zai tsira. Heath Ledger, wanda ya fito a matsayin Joker, ya rasu a watan Janairu na shekarar, kafin fim ɗin ya fito, aka kuma ba shi lambar Oscar bayan rasuwarsa. Iron Man ya tara wajen dala miliyan 585, The Dark Knight ya haye biliyan 1. A lissafin wannan shekara DC ce ta yi rinjaye. Sai dai Nolan labari ne mai iyaka ya ɗauko, ya kuma rufe shi a 2012 da fim na uku, alhali Marvel a ƙarshen Iron Man, bayan sunayen ma'aikata sun gama wucewa, ta saƙa wani ɗan guntun fage inda wani mai ido ɗaya, Nick Fury, ya zo ya shaida wa Stark cewa akwai waɗansu irinsa.

Zubi da Tsari

Wannan ɗan fage shi ne mafarin zubin da Marvel ta ci kasuwa da shi. A ƙarƙashin jagorancin Kevin Feige, kuma da ƙarfin aljihun Disney, wadda ta sayi Marvel a 2009 a kan kimanin dala biliyan 4, aka mai da kowane fim tamkar babi a cikin dogon littafi guda. An ba Thor nasa fim, an ba Captain America nasa, sa'an nan a 2012 aka haɗa su a The Avengers, wanda ya tara biliyan 1.5. Lokacin da suka haɗu mai kallo ya riga ya san halin kowa, don haka rabin daɗin fim ɗin yana cikin saɓaninsu da ba'ar da suke yi wa juna. Bayan sun ceci New York, fage na ƙarshe ya nuna su zaune a wani ɗan shago a gajiye, suna cin shawarma, ba mai ce wa kowa uffan. Ban san wani fage da ya fi wannan bayyana hikimar Marvel ba. Haka aka yi ta tafiya shekara goma sha ɗaya, har Avengers: Endgame na 2019, fim na 22 a jerin, wanda ya tara kusan biliyan 2.8. Waɗanda suka yi kuka da mutuwar Tony Stark a cikinsa, kukan rabuwa da tsohon sani suka yi, wasunsu ma tun suna yara suke tare da shi.

Amma zubin yana da nasa aibi. Tun da kowane fim dole ya share wa na gaba hanya, salonsu ya zama kusan ɗaya, raha takan kutso ko a inda ya kamata a yi jimami, miyagunsu kuma, in ka ɗebe kaɗan irin su Loki da Thanos, da an fito daga gidan kallo an manta da su. A 2019 ne Martin Scorsese ya kamanta finafinan da wuraren wasan shaƙatawa, maganar da ta jawo ce-ce-ku-ce. A ɓangaren DC kuwa, 'yan wasa biyu ne suka ci Oscar da matsayin mugu guda, domin Joaquin Phoenix ma ya samu da Joker na 2019, fim ɗin da ba sadauki ko ɗaya a cikinsa, amma ya haye biliyan 1.

Da kamfanin Warner Bros., mai yin finafinan DC, ya ga abin da Marvel take samu, sai ya so ya yi irin nata zubin cikin hanzari. Zack Snyder ya fara da Man of Steel a 2013, inda Superman ya karya wuyan abokin gabarsa, abin da ya ɓata wa tsofaffin masoyansa rai. Fim na biyu kawai, a 2016, aka gwara shi da Batman, aka kuma kashe shi, tun mai kallo bai shaƙu da shi ba balle ya yi makokinsa. Justice League na 2017 ya fi muni. Snyder ya janye bayan rasuwar 'yarsa, aka ɗauko Joss Whedon, wanda ya yi The Avengers, ya ƙarasa, ya yayyafa barkwanci a kan labarin da aka gina da nauyi. Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Fim ɗin da ya tara manyan sadaukan DC duka bai kai dala miliyan 700 ba, alhali Wonder Woman ita kaɗai a shekarar ta wuce miliyan 800, Aquaman kuma a 2018 ya haye biliyan 1. Masoyan Snyder ba su haƙura ba, sai da suka matsa aka fito da nasa tsarin mai tsawon awa huɗu a 2021.

Ya kamata in ambaci wani fim da bai zauna daidai cikin wannan rabo nawa ba, watau Black Panther na 2018. Na Marvel ne, amma da kwarjini ya ja mutane. T'Challa sarki ne, ƙasarsa Wakanda ƙagaggiya ce kamar Gotham, ƙasar Afirka da Turawa ba su taɓa mallaka ba, kuma mugun labarin, Killmonger, yana da hujjar da take da wuyar turewa game da baƙar fatar da aka bari cikin wahala a ƙetare. Mai kallo a Nijeriya zai tuna cewa faɗan farko na fim ɗin a dajin Sambisa aka ce ya faru. Ya tara biliyan 1.3, shi ne kuma fim ɗin sadaukai na farko da aka sa cikin takarar Oscar ta fim mafi kyau. Wannan ya nuna rabon da na yi na rinjaye ne, ba katanga ce da ba a tsallakewa ba.

Bayan Endgame sabon da ya ɗaga Marvel ya soma zame mata kaya. Daga 2021 ta ƙara da jerin wasannin talabijin a Disney+, har ya zama kafin mutum ya fahimci fim guda sai ya kalli waɗansu da dama. The Marvels na 2023, wanda biyu daga cikin taurarinsa uku a talabijin aka gina su, da kaɗan ya wuce dala miliyan 200, mafi ƙanƙanta a jerin zuwa lokacin. An ce sabo turken wawa, to, da alama masu kallo da yawa sun tsinke igiyar. Ita ma DC ta ɗanɗana kuɗarta, domin Joker na biyu a 2024 bai sami karɓuwa ba.

Abin ban sha'awa shi ne yadda kowace ta nemi magani. A 2022 aka damƙa finafinan DC a hannun Peter Safran da James Gunn, shi Gunn kuwa shi ya yi wa Marvel Guardians of the Galaxy a 2014. Superman ɗinsa na 2025 ya buɗe ne da sadaukin kwance a cikin ƙanƙara, an yi masa jina-jina, yana yi wa karen da yake riƙo fito ya zo ya ja shi gida. Marvel kuma a 2024 ta ba da sanarwar cewa Robert Downey Jr. zai dawo, amma wannan karon a matsayin mugu, watau Doctor Doom, sarkin wata ƙagaggiyar ƙasa mai suna Latveria, wanda yake rufe fuskarsa da ƙarfe.