Intanet a Tafin Hannu: Abin da Kunduru ta Riga Turai Sani

A watan Oktoba na 2016 kamfanin StatCounter, wanda ke birnin Dublin na ƙasar Ayalan, ya ga wani abu a lissafinsa da bai taɓa gani ba. Aikin kamfanin shi ne ƙirga irin na'urorin da mutane ke buɗe shafukan intanet da su. A watan nan ne, karo na farko, wayoyin hannu haɗe da manyan 'yan'uwansu masu kama da allo suka kwashi kashi 51.3 cikin 100 na shafukan da aka buɗe a duniya, kwamfutocin tebur da na cinya suka koma kashi 48.7. Jaridun Turai da Amurka sun ɗauki labarin da muhimmanci, domin a wajensu wani zamani ne ya shuɗe.

Da an kawo wannan labari Kunduru, a ƙaramar hukumar Kankiya, da wuya a samu wanda zai yi mamaki. Mutumin Kunduru, da na Gyaza, da na ƙauyukan Kusada, bai taɓa zama gaban kwamfutar tebur a ɗakinsa ba balle ya bar ta ya koma waya. Da waya ya fara ganin intanet, kuma har yau ita kaɗai ce hanyar mafi yawan jama'a. Matsayin da ƙasashe masu arziki suka ɗauki shekara ashirin kafin su iso, a nan muka faro.

Wanda ya haura shekara arba'in zai tuna yadda ake kafin 2001. Layukan tarho na NITEL a duk faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, ga jama'a sun haura miliyan ɗari, kuma kusan dukkansu a manyan birane suke. In ɗanka ya tafi ci-rani Legas ko Fatakwal, sai dai wasiƙa ta hannun direba, ko sallahu ta bakin wanda zai tafi, ko gaisuwa a filin zaɓi-sonka na rediyo. A watan Janairun 2001 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane a kan dala miliyan 285. A watan Agusta na shekarar Econet da MTN suka fara aiki. Layi kaɗai a lokacin ya haura naira dubu 20, kira kuwa naira 50 ne minti ɗaya ko da sallama kawai ka yi. Sai a 2003 da Glo ta shigo da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa farashi ya soma karyewa. Econet ɗin nan ita ce ta yi ta sauya suna, daga Vmobile zuwa Celtel zuwa Zain, har ta zama Airtel a 2010.

Magana ce ta fara isowa, intanet ta biyo baya. Ana yawan cewa iPhone da ta fito a 2007, da manhajar Android da ta biyo ta a 2008, su suka juya duniya zuwa waya. Haka ne a can. A nan kuwa wasu abubuwa biyu ne suka yi aikin. Na farko Opera Mini, manhajar wani kamfanin ƙasar Norway. Dabararta ita ce, idan ka nemi shafi, ba kai tsaye yake zuwa wayarka ba. Sai ya bi ta kwamfutocin kamfanin, su matse shi, su rage nauyin hotuna, sannan su turo maka ɗan abin da ya rage. Da haka ƙaramar Nokia mai madannai, a kan sabis mai rauni, ta iya buɗe shafin BBC Hausa da Facebook, a zamanin da samari ke kwana a kan manhajar hira ta 2go. Na biyu shi ne kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai yin Tecno da itel da Infinix. Masu wannan kamfani sun zo sun duba yadda muke rayuwa. Sun ga mutum na yawo da layi biyu saboda in wannan ya ɗauke wancan ya kawo, sai suka yi waya mai layi biyu. Sun ga wutar lantarki ba ta zama, sai suka sa batir mai daɗewa. Suka kuma sauko da farashi. Shiga kasuwar Farm Centre a Kano, inda 'yan kasuwar garuruwanmu ke saro waya, ka duba abin da ya cika shaguna.

Yana da kyau a san hanyar da shafi ke bi kafin ya bayyana a gilashi, domin a nan ne ake gane dalilin yawancin matsalolinmu. Idan yaro a Kunduru ya latsa wayarsa, saƙon na tashi ne ta iska zuwa ƙarfen sabis mafi kusa. Nisan ƙarfen, da yawan mutanen da ke kansa a lokacin, da irin na'urar da aka ɗora masa, su ke yanke hukuncin sauri. Tsohon tsarin 2G na magana ne da gajeren saƙo. 3G ya iya ɗaukar hoto. Sai da 4G bidiyo ya tafi ba tare da tsinkewa ba. Shi kuwa 5G da MTN ta ƙaddamar a 2022, a manyan birane ya fara. Daga ƙarfe saƙon zai bi ko dai ta wani ƙarfen, ko ta wayar gilashi da aka binne a gefen titi, har ya kai Legas. Daga can, in shafin a waje yake ajiye, sai ya shiga wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010, da Equiano ta kamfanin Google da ta iso Legas a 2022. Duk wannan tafiya, zuwa da dawowa, ba ta cika daƙiƙa ɗaya idan hanya lafiya take. Ranar 14 ga Maris 2024 kuwa, da wasu daga cikin wayoyin tekun suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da sabis sun rikice a Najeriya da maƙwabtanta, har mai POS da bai taɓa ganin teku ba ya ji a jikinsa.

A 'yan shekarun nan lissafin StatCounter na nuna wajen kashi 60 cikin 100 na shafukan duniya ta waya ake buɗe su. A Najeriya abin ya haura kashi uku cikin huɗu, tana cikin ƙasashen da ke kan gaba. Lissafin ma bai kama komai ba, domin shafuka yake ƙirgawa, bai haɗa da lokacin da ake ɓatarwa cikin WhatsApp da TikTok da YouTube ba, alhali a nan mutanenmu suka fi zama.

In kana son ganin intanet ɗin karkara da idonka, je shagon mai caji da yamma. Katako ne aka jera masa soket bila adadin, wayoyi sun kwanta jere da juna, wasu kuma batir kaɗai aka ciro aka maƙala a cajar kaguwa mai ƙyaftawa. Kowace waya an manna mata lamba, mai ita ya tafi da 'yar takarda ko guntun kwali mai irin lambar. A waje janareta na ƙara, ko kuma faifan sola na kan rufi. Sau da yawa a shagon nan ne ake sayar da kati da data, a nan ne kuma mai kwamfuta ɗaya tilo ke tura wa mutane fina-finan Kannywood da fassarar Indiya da karatun malamai a memori. Daga nan abin zai yi ta yawo daga waya zuwa waya ta manhajar Xender, ba a taɓa data ba. Mutum ɗaya ya sauke, mutum hamsin su kalla. Wannan ma wani amfani ne da intanet da babu kamfanin lissafin da ke ganinsa.

Amfanin kuwa ba ya ɓuya. Manomi mai buhunan wake ko waken suya kan ji farashin kasuwar Dawanau kafin ɗan kasuwa ya taya masa. Dillalin dabbobi a kasuwar Charanchi kan ɗauki bidiyon sa ya tura wa mai saye a kudu, a daidaita, a ji alat, sannan a ɗora a mota. Abin da ya fi burge ni shi ne saƙon murya, wanda WhatsApp ta ƙara a 2013. Mu al'umma ce ta baki da kunne, kuma akwai dattawa da iyaye mata da yawa da ba su yi boko ba. Tsohuwar da ba ta iya haɗa baƙi da wasali ba yanzu tana danna alama ɗaya ta yi wa jikanta da ke Abuja faɗa ko addu'a da muryarta. Marubuta, musamman mata, suna sakin littattafan Hausa babi-babi a zaurukan WhatsApp, masu karatu na biya ta tiransifa. A farkon 2023, lokacin da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi wuya, waya ce ta riƙe cinikin mutane da yawa, har mai shayi da mai nama suka buɗe asusun OPay da Moniepoint.

Jihar Katsina ta ɗanɗani rashin wannan abu. A watan Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse sabis a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi da Safana da Malumfashi da Funtuwa, ba a dawo da shi ba sai wajen ƙarshen shekarar. Kankiya da Kusada ba sa cikin jerin, amma 'yan'uwa da abokan ciniki na can. Mutane sun riƙa hawa mota su yi tafiya mai nisa don kawai su yi kira ɗaya ko su tura kuɗi. A watannin nan ne aka gane cewa waya ta shiga jerin abubuwan da rayuwa ba ta tafiya sai da su.

Sai dai ba kowa ya shiga ba, kuma wannan ne ya fi damuna. Ƙungiyar kamfanonin waya ta duniya, GSMA, ta ce a 2023 kashi 27 cikin 100 ne kawai na mutanen Afirka kudu da Sahara ke amfani da intanet ta waya. Kashi 13 sabis ɗin bai kai inda suke ba. Sauran kashi 60 kuwa sabis na ratsa kansu, amma ba sa amfani da shi. Ƙarfe na tsaye a bakin gari, mutum na zaune a gindinsa, ba shi da kuɗin babbar waya, ko na data, ko bai san inda zai latsa ba. Mata ne suka fi yawa cikin waɗanda aka bari. A gidaje da yawa babbar waya ɗaya ce, ta maigida, tana fita da safe ta dawo da dare. A watan Janairun 2025 NCC ta amince kamfanoni su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100, saboda tsadar man dizal da faɗuwar naira. Dalilin kamfanonin na da ƙarfi, amma wanda ke sayen data ta ɗari biyu shi ya fara ragewa. Ga kuma shafukan kansu sun yi nauyi: matsakaicin shafi a yau ya haura megabait 2, kaso mafi tsoka hotuna ne, kuma mai waya ne ke biya.

Akwai wata matsalar da ba a cika magana a kanta ba. Waya ta ƙware wajen kallo da sauraro da tura saƙo, amma ba ta koya wa yaro zama gaban madannai ya rubuta doguwar takarda ko ya tsara lissafi. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Ɗalibi daga Kunduru, wanda zai iya haɗa bidiyo da yatsa ɗaya cikin minti biyu, yana iya shiga ɗakin jarrabawa ya tarar da linzamin kwamfuta karo na farko a rayuwarsa, agogo kuma na tafiya. Abokin gasarsa daga makarantar kuɗi a Abuja ya girma da ita a gida. Tambayoyinsu ɗaya, amma ba daidai suka faro ba. Ɗakin kwamfuta mai aiki da sola a manyan sakandaren Kankiya da Kusada, wanda ake buɗewa yara su taɓa da hannunsu, bai fi ƙarfin gwamnatin jiha ko 'yan majalisar yankin ba.

Haka nan shafukan hukumomi. Kamfanin Google ya ga inda duniya ta dosa, tun 2019 ya mayar da yadda shafi ke fitowa a waya ya zama ma'aunin farko ga sababbin shafuka a wajen bincike. Amma sau nawa matashi ke buɗe shafin neman aiki ko tallafin karatu a wayarsa, ya ga rubutu ya fita gefe, a ce ya ɗora hoto mai wani girma na musamman, sabis ya ɗauke a shafi na huɗu, komai ya goge? Ƙarshenta sai ya biya kuɗin mota zuwa Kankiya ko Katsina, ya biya mai shagon kwamfuta, ya miƙa masa lambar NIN da kalmar sirrinsa. Duk hukumar da za ta buɗe shafi don talakawa, kamata ya yi kafin ta sake shi ta gwada shi a kan itel mai araha, da sabis mai sanda biyu, ta tabbatar yana ajiye abin da aka cike in layi ya tsinke, ta kuma sa shi da Hausa. Google Translate ta ɗauki Hausa tun 2013, Facebook ma ta sa Hausa cikin harsunanta a 2016. Hukumar da ke neman manomin Kunduru ya yi rajistar takin zamani ba ta da hujjar tambayarsa da Turanci kaɗai.