Kafin Ka Sauke Motarka Ƙasa

 Yau gareji muka nufa, kuma maganar ta shafi samarinmu masu son ganin mota ta kwanta ƙasa, taya ta cika ramin mudigadi taf, ba sarari.

Bara ƙanena ya sauke Honda Accord ɗinsa, irin ta 2003 zuwa 2005 da ake yi wa laƙabi da End of Discussion. Ya sa gajerun sifirin, mota ta yi kyau, ba ƙarya. Wata uku ba su cika ba ya kira ni: "Yaya, sitiyari na ja na gefe, ga wani gurnani daga gaba." Muka je wajen bakanike. Malamin ya murɗe sitiyari har ƙarshe, ya durƙusa, ya zura hannu ya shafa cikin tayar, sai ya janye da sauri. Waya ce ta soke shi. Daga waje tayar sabuwa fil, zanenta duk yana nan, amma gefen ciki ya cinye har ƙarfe ya leƙo. Ya dubi ƙanena ya ce: "Alhaji ƙarami, da ka sauke ta, ka kai ta alaimen?" Shiru.

Ga abin da ke faruwa. Gajerun sifirin na kamfanoni irin su Eibach da H&R na Jamus, ko Tein na Japan, yawanci suna sauke mota da milimita 25 zuwa 40. Kamar ba yawa. To amma ƙafafun mota an auna su ne a kan tsayin da kamfani ya ba ta. Da zarar jiki ya sauka, hannuwan da ke riƙe da taya sun canza kwana, sai taya ta yi gwame, samanta ya shige ciki, ƙasanta ya buɗe. Wannan shi makanikai ke kira kamba. Na biyun, wanda ya fi ɓarna kuma ido ba ya kama shi, shi ne bakin tayoyin ya daina kallon gaba sak, ya ɗan buɗe ko ya ɗan tsuke. Ku yi wannan lissafin da ni. Taya in ta kauce da rabin digiri kacal, a kowace kilomita tana gurzar kwalta a kaikaice kusan mita 9. Daga Kano zuwa Kaduna, wajen kilomita 230, tamkar an ja ta a gicciye kusan kilomita 2 ke nan. Wace roba ce za ta jure?

Sai batun kuɗi. A Amurka, saitin sifirin huɗu na kirki yakan kama dala 200 zuwa 400, kafin kuɗin jirgi da kwastan. A nan gida wasu na samun na hannu a Ƙofar Ruwa ko Panteka ta Kaduna, sai dai a tabbatar na ainihin ƙirar motar ne. Abin da nake so ya zauna muku shi ne, kuɗin sifirin somin-taɓi ne. Akwai ladan aiki, domin sai an kwance shokozoba duka huɗu, an matse sifirin da na'urarsa, aikin da in aka yi ganganci yakan raunata mutum. Shokozobar kanta, in ta tsufa, gajeren sifirin zai ƙarasa ta da wuri, don ya rage mata filin motsi. Ga alaimen. A mota irin Accord ɗin nan kuwa, kamfani bai bar wurin saita kamba ba, in gwamen ya yi yawa sai an sayi hannu na musamman mai zare. Corolla ta fi sauƙi a gaba, ƙusa biyu na kamba kan wadatar, amma a wasu ƙirarta, bayanta ƙarfe ɗaya ne ya haɗa tayoyin, babu abin murɗawa.

Yaushe za a yi alaimen ɗin? Sabon sifirin yakan ɗan ƙara zama bayan an hau shi, shi ya sa gogaggun makanikai ke cewa a gyara bakin taya da ido ranar da aka ɗaura, a yi ta tuƙi a hankali na mako guda ko biyu, sannan a hau na'urar kwamfuta a auna ƙafa huɗu. Ka nemi su nuna maka lambobin kafin gyara da bayan gyara. Kuɗinka ne. A duba fitilun gaba ma, saitinsu kan gurɓace.

Wani abu kuma da nake roƙo da babbar murya: kada a yanke sifirin da garanda, kada a gasa shi da wutar walda don ya lanƙwashe. Ƙarfen ya mutu, yana iya karyewa ko ya fice daga mazauninsa kana tsakiyar gudu, da iyali a baya. Sannan a tuna da titunanmu, da tudun rage gudu a ƙofar kowace makaranta, da ramukan damina. Kaskon baƙin mai da salansa su ne ke fara gaisawa da ƙasa.

Ƙanena dai ya sayi tayoyi biyu sababbi, ya sayi hannuwan kamba, ya biya alaimen, kuma jimillar ta zarce abin da ya kashe kan sifirin ɗin. Motar tana nan a kwance, tana tafiya sak, sai dai in ya zo tudun layinmu, a karkace yake haye shi, taya ɗaya bayan ɗaya.