Hanya, Ƙwallo da Majami'a: Yadda Baƙin Kalmomi Suka Shigo Hausa a Ƙasar Illela

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa baƙuwar kalma ba ta shiga harshe ta ƙofa guda, kuma kamanninta sukan nuna ƙofar da ta bi. An zaɓi fannoni uku da suka shafi rayuwar 'yan Nijeriya ta yau da kullum, wato aikin hanya, da wasan ƙwallon ƙafa, da addinin Kirista. An kuma dubi ƙasar Illela ta Jihar Sakkwato, wadda Tozai ke cikin mazaɓunta, domin a nan ne babbar hanyar da ta taso daga Ikko ta bi ta Sakkwato take tuƙewa da iyaka. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1904 da 1906 su suka bar Birnin Ƙonni a hannun Faransawa. Shi ya sa abin da mutumin Illela ke kira "kwastan", ɗan'uwansa na Ƙonni ke kira "duwan".

Kalmomin Aikin Hanya

Tun kafin zuwan Turawa, Hausa tana da "hanya", da "turba", da "gwadabe", da "burtali", da "kadarko". Da aikin hanyar mota ya zo, sai leburori suka riƙa jin sunayen kayan aiki daga bakin injiniyoyi, suna maimaitawa yadda harshensu ya ba su dama. Ta haka aka sami "kwalta", da "kwalbati", da "kankare", da "siminti", da "tifa", da "safiyo". Ita kuwa "katafila" sunan kamfanin Caterpillar ne ya zama sunan na'urar baki ɗaya.

Aron kunne ne wannan, saboda haka dokokin furucin Hausa suka yi aikinsu sosai: an raba baƙaƙen da suka cunkushe ta hanyar saka wasali, an kuma rufe kalma da wasali. A karin harshen Sakkwato akwai ƙarin mataki, domin inda Bakano ke cewa "fari" da "tafi", Basakkwace "hwari" da "tahi" yake cewa. Dokar ba ta ƙyale baƙuwar kalma ba, sai "tifa" ta koma "tihwa", "katafila" ta koma "katahila".

Kalmomin Ƙwallon Ƙafa

Sunan wasan kansa ba aro ba ne. "Ƙwallo" shi ne na cikin ɗan itace, kamar ƙwallon goruba, sai aka faɗaɗa ma'anarsa. Wasan ya bazu ta makarantun boko da barikoki, an fara gasar Kofin Gwamna a 1945, Nijeriya kuma ta ci Kofin Afirka karo na farko a Ikko a 1980.

Abin lura a nan shi ne yawan tagwayen kalmomi. A filin unguwa yara kan ce "gola", da "rafali", da "fanareti", da "kwana". A rediyo kuwa sai a ji "mai tsaron gida", da "alƙalin wasa", da "bugun daga kai sai mai tsaron gida", da "bugun kusurwa". Dalili shi ne, ɗan wasa yana son kalma gajera da zai yi ihu da ita, shi kuwa mai sharhi yana magana ne da wanda bai ga filin ba, dole ya siffanta. Kafofi irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, da Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, sun raini wannan al'ada ta ƙirƙira. Har ma an ɗauko "kunnen doki" don bayyana wasan da aka tashi ba wanda ya rinjayi wani.

Kalmomin Addinin Kirista

A nan ba kunne ne ya yi aiki ba, alƙalami ne. J. F. Schön ya fara buga sassan Linjila da Hausa a 1857, cikakken Littafi Mai Tsarki kuma ya fito a 1932, bayan aikin Dokta Walter Miller da abokan aikinsa. Mishan ɗin SIM ya buɗe asibiti a Galmi, gabas da Ƙonni, a 1950, cocin Katolika kuma ya sami dayosis a Sakkwato a 1964.

Masu fassara sun tarar da Hausa cike da kalmomin addini da ta aro daga Larabci, sai suka ɗauki "Allah", da "annabi", da "mala'ika", da "zunubi", da "tuba", da "bishara", da "Almasihu". Suka harhaɗa "Ruhu Mai Tsarki" da "Sabon Alkawari" daga kayan gida. Aro daga Ingilishi bai yi yawa ba sai a sunayen muƙamai da bukukuwa, kamar "fasto", da "bishop", da "Kirsimeti". Ko a nan akwai tagwaye: "coci" a bakin jama'a, "majami'a" a cikin littafi. Sakamakon haka, Musulmi da Kirista suna tarayya a kalma guda, amma kowane da abin da yake nufi da ita, kamar yadda ake gani a kalmar "ceto". Wajibi ne mai rubuta ƙamus ya kawo ma'anonin biyu.

Kammalawa

An ga hanyoyi uku: gyara furuci, da ƙirƙira ta siffantawa, da sabunta ma'anar tsohuwar kalma. A 2024 an ƙaddamar da aikin hanyar kankare daga Illela zuwa Badagiri, mai tsawon fiye da kilomita 1,000, kuma irin wannan aiki ba ya zuwa ba tare da sababbin kalmomi ba. Ya kamata malaman Hausa su tattara su daga bakin leburori da direbobi, su rubuta su yadda ake furta su a Tozai da Illela, kafin a zauna zaɓen wadda za ta shiga daidaitacciyar Hausa.